Takunkumin Injin Baƙo

La'asar sakaliya Labo ya iso mashigar gulbin Magiya, ya jingine motonsa mai ƙafa biyu a gindin gawo, ko makulli bai tsaya zarewa ba. Daga garajinsa na Malbaza ya taso, hannuwansa duk baƙin mai, jakar kayan aiki na rataye a wuyansa don bai ma tuna ya ajiye ta ba. Wata maƙwabciya ce ta kira shi a waya daga Tungar Mati, can tsallaken ruwa, ta ce kububuwa ta sari Goggo a gonar wake, ƙafa ta kumbura, jini ya fara tsattsafowa daga dasashinta. A hanya ya ratse Dogarawa ya roƙi wani direba mai suna Umar ya biyo shi da mota bakin ruwa. Abin da ya rage kawai a ƙetaro da ita.

Goggo ƙanwar mahaifinsa ce, amma ita ce uwar da ya sani. Ita ta goya shi bayan iyayensa sun rasu, ita ta tauna masa abinci kafin ya yi haƙori. Mijinta Baƙo kuwa shi ne mai fiton wannan mashiga. Duk damina in Magiya ta cika ta batse, ta shanye hanyar amalanke, Tungar Mati ba ta da wata ƙafa sai jirgin Baƙo. Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka juye duk abin da ke zuciyarsu a kan Labo. Baƙo ne ma ya sayar da ragon layyarsa ya kai shi Konni koyon kanikanci. Shi kuwa gogan naka, tun ran da ya iya kwance motopom, injin ban-ruwa, ya mayar ido rufe, sai ya fara yi wa tsohon kallon tsohuwar taya.

Ya tarar da Baƙo zaune a cikin jirgi yana kwashe ruwa da gwangwani, wasu ƴan kasuwar albasa na zaune a tudu suna jiran motarsu. Baƙo ba ya riƙe waya, saboda haka daga bakin Labo ya ji labarin. Gwangwanin ya suɓuce daga hannunsa. Ya yi salati, ya ce, "Shigo mu tai, ɗana." Sai da ya ja igiyar injin ya sake ja kafin ta kama.

Injin nan ya fi wasu magidanta shekaru. Fenti ya gama barin jikinsa, murfinsa da robar taya aka ɗaure shi. Ya yi tari, ya fesa shuɗin hayaƙi, sannan ya kama wani ɗan gunaguni ƙasa-ƙasa kamar tsohuwa na jan carbi. Jirgin ya fara rarrafe. Ba banza mutanen yankin suka sa masa suna Kunkuru ba.

"Baba, ƙara mashi wuta."

"Iyakatai ke nan."

"Wace irin iyaka? Injin ga ko rabin ƙarhinai bai hiddo ba!"

"Lahiyatai lau. Zamna, muna isa da yardar Allah."

Labo ya dubi tsallake, ya ga bishiyoyin Tungar Mati ƙanana kamar ciyawa. Ya dubi rana, ta yi ja ta sunkuya. Zuciya ta ciyo shi. Ya ture tsohon daga mazauninsa, ya murɗa totur iyakar murɗawa. Hannun ya juya ya tsaya cak tun bai kai ko'ina ba, injin bai ko canza murya ba. Kunnen makaniki ya gaya masa akwai abin da ke shaƙe da wannan ƙarfe. Ya karkata jirgin ya mayar da shi gaɓa.

"Labo, don girman Allah, lokaci kake ci."

"Gyara na ɗan ƙanƙanin lokaci ya hi rarrahen ga naka."

Ya zazzage jakarsa a kan benci. A gaskiya ya iya aikinsa, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba. Ya fara da mai: ya sassauta murfin tanki ko iska ce ba ta shiga, ya matsa tiyo ya ga esansi, wato fetur, na zuwa, ya ɗiga kaɗan a tafin hannu ya shinshina ko an sirka shi da ruwa. Lafiya lau. Ya kwance buji, wato fulogi, ya same shi a bushe, launin toka mai kyau, ya gwada shi a jikin ƙarfe wuta ta yi tsalle shuɗiya. Ya dubi ɗan ruwan da inji ke tsartarwa ta baya in yana sanyaya kansa, yana fita tsir, ba zafi. Ya shiga ruwa zuwa gwiwa ya shafa farfela ko komar masunta ta naɗe ta, ko haƙoranta sun lauye. Babu komai. Abin ya ba shi haushi matuƙa, don tsohon injin ya fi wasu sababbi tsabta a ciki. Wanda ya riƙe shi ya riƙe shi da amana.

Duk wannan lokaci Baƙo na tsaye a kansa yana murza hularsa. Da sun ci gaba da rarrafen nasu, da tuni sun wuce tsakiyar ruwa. Tsohon ya faɗi haka, Labo ya yi kamar da dutse ake magana.

Sai da ya zo kan karbirato sannan ya gani. A bayan ɗan ƙarfen da totur ke turawa ya buɗe maƙogwaron inji, an cusa wani guntun itace baƙi, tsawon ɗan yatsa, an naɗe shi da wayar jan ƙarfe da zaren fata. Ya sha mai ya sha shekaru har ya yi sheƙi. Shi ne ya tokare hanya, komai murɗawarka maƙogwaron ba zai buɗe ba sai kaɗan.

Labo ya ɗago a hankali.

"Wa yas sa wanga?"

"Ni."

"Kai da hannunka kas shaƙe injinka? Shekara da shekaru kana wahal da mutane bisa ruwa?"

Baƙo ya dafa kafaɗarsa, ya rage murya don kada na tudu su ji. "Saurara, ɗana. Shekarad da nik kawo injin ga daga Yawuri, ni ma jinina na tahwasa awa naka. Nib buɗe mashi wuta dut, nib bi ta kan Baƙin Gurbi. Sai nij ji hwarhela ta ci wani abu, ruwa yay yi ja. Ɗan Mai Gurbi ne, aljanar wurin, shina wasa bisa ruwa. Da magariba taz zo min nan, gindin gawon ga. Niy yi mata rantsuwa ƙarhen ga ba shi ƙara ɗaga murya bisa gidanta. Tac ce ta ji, amma dut hannun da yas sake shi, mai hannun nata ne. Takunkumi ne, Labo. Bar shi."

Baƙin Gurbi kowa ya san shi, wani wuri ne mai zurfi a tsakiyar mashigar wanda ko da rani ba ya ƙafewa. Labo ya san shi tun yana yaro. Amma ya zauna birni, ya ga cikin injuna iri-iri bai taɓa tarar da aljani a ciki ba. Sai ya kece da dariya, ya ɗaga murya da gangan.

"Jama'a, ku zo ku ji! Tarwaɗa yay yanka tun zamanin da, har yau tsoronta yake ji! Matatai na can tana zubar da jini, shi ko shina nan shina ma kihi biyayya!"

Ƴan albasa suka yi dariya. Ba don abin ya ba su dariya sosai ba, sai don zaman jira ya ishe su.

Labo ya ɗauki filaya. Tsohon ya kama hannunsa da hannu bibbiyu, hawaye na bin furfurar gemunsa.

"Matata ce, Labo. Kana zaton ba ni son ta? Na hi ka son ta rayu. Mu tai a hankali, ni na roƙe ka. Ɗana..."

"Kar ka ƙara ce min ɗanka. In kana son ɗa, da ka haihi naka."

Ya fizge hannunsa, ya hankaɗe shi. Baƙo ya tafi da baya ya faɗi zaune a cikin laka, hularsa ta yi gefe. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Filaya ta ce ƙas, waya ta tsinke. Labo ya zaro guntun itacen ya wurga masa a ƙirji, ya mayar da murfi, ya tura jirgin ruwa shi kaɗai.

Da ya ja igiya ya murɗa totur, injin ya yi wata kururuwa da rabon Magiya da jin irinta tun kafin a haifi yawancin masu noma a bakinta. Gaban jirgin ya ɗaga. Balbelu suka tashi daga kan geza gaba ɗaya. Labo ya ji wani daɗi ya ratsa shi, daɗin makanikin da ya gano ciwo, har ya ɗan manta abin da ya kawo shi. Da ya waiga sai ya hango tsohon durƙushe yana lalubar wani abu a cikin laka.

Ya bi ta kan Baƙin Gurbi a guje. Bai ji komai ba, sai ɗan wani tuntuɓe kamar mota ta taka rami. Ya ce a ransa, to ina aljanar take?

A Tungar Mati ya tarar an riga an sauko da Goggo bakin ruwa a kan tabarma. Mutane na tsaye cirko-cirko. Sun ji kururuwar tun daga nesa. Suka dubi injin, suka dubi Labo, ba wanda ya amsa sallamarsa da ƙarfi. Maza suka kama tabarmar suka shimfiɗa ta a tsakiyar jirgi, suka yi maza suka fita kamar katakon na ƙona musu ƙafa. Ya nemi mace ɗaya ta shigo ta riƙe ta. Ko maƙwabciyar da ta kira shi a waya sai ta ja da baya ta rufe baki da mayafi.

Goggo ta buɗe ido. Leɓɓanta sun yi baƙi da busasshen jini, ƙafarta ta zama kamar turmi.

"Ina Malam?" Haka take kiran mijinta.

"Shina can tsallake shina jiranmu."

"Muryar mi nij ji haka?"

"Inji ne, Goggo. Na gyara shi."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta rufe ido, leɓenta na motsi.

Rana ta faɗi lokacin da suka baro gaɓa. Daga bayansu ladanin tunga ya fara kiran sallar magariba, injin ya danne muryarsa. Ruwan ya koma launin tsohon faranti. Can gaba Labo ya hango fitilun mota a gindin gawo, ya san Umar ya iso. Ya ce wa Goggo ta yi haƙuri, saura kaɗan.

Suna hawa kan Baƙin Gurbi muryar injin ta faɗi.

Ba mutuwa ya yi ba. Ƙarfi ne ya zube masa, kamar an ɗora wa jaki buhun da ya fi shi. Ya koma gurnani, jirgin ya yi ta rage gudu har ya tsaya. Totur na murɗe har ƙarshe.

Labo ya matsa tiyo, mai na zuwa. Ya taɓa murfin tanki, a sassauce yake. Ya haska ƴar fitilar wayarsa a kan karbirato, maƙogwaro a buɗe yake wangale.

Sai a lokacin ya lura kwaɗi sun yi shiru. Duk faɗin Magiya, da damina, da magariba, ba kwaɗo ɗaya mai kuka. Ba sauro. Iska ma ta ɗauke.

Wani wari ya taso, na tsohuwar laka da man shanu.

Ya haska ɗan ruwan da inji ke tsartarwa. Yana fita tsir kamar ɗazu, amma ya yi duhu. Ya tara yatsa. Da ɗumi, da kauri, da ƙarni.

Ya goge a wandonsa da sauri. Ya ce wa kansa tsatsa ce. Abu ɗaya ya rage bai duba ba, kuma kowane ɗan koyo ya san shi: in inji na da mai da wuta da iska amma ya kasa ja, to wani abu ne ya naɗe farfela. Ya kashe injin. Ya yi ƙoƙarin ɗaga ƙafar injin daga ruwa, ta ƙi ko motsi.

"Labo," in ji Goggo da ƙyar. "Kar ka sa hannu."

Ya riga ya naɗe hannun riga. Ya kwanta a kan katakon baya, ya zura hannun dama har kafaɗa.

Ruwan sanyi ƙarara, kamar na randar da ba a taɓa buɗewa ba.

Yatsunsa suka sami farfela. Lalle akwai abin da ya naɗe ta, sirara, masu santsi, da yawa. Ya ji sanyi a ransa, ya ce koma ce. Ya jawo wani sashe sama, ya haska.

Gashi ne. Baƙi, dogo, da sauran kitso a jikinsa, yana warin man shanu.

Kafin ya saki, gashin ya ja shi. Hannunsa ya koma ruwa. Wasu yatsu suka kewaye wuyan hannun, ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mace na gwada awarwaro.

Wayar ta faɗa ruwa. Haskenta ya yi ta sauka, ya yi ta sauka. A cikin wannan ɗan haske ya ga fuska tana kallonsa daga ƙasa, faffaɗa, fara fat, ido biyu ba fatar rufewa.

Ya buɗe baki zai karanta abin da ya sani. Ko harafi bai zo ba.

Muryar da ta zo masa ba daga ruwa ta fito ba. Ta cikin ƙashin hannunsa ta hawo.

"Wa yas saki ƙarhen ga?"

Ya yi yunƙurin fizge hannunsa, ya kasa.

Ta ja kaɗan. Jirgin ya karkata, ruwa ya kwararo ta baya, ya jiƙa gefen tabarmar Goggo.

"An yi min alkawari. Mai hannun nawa ne. Hwaɗa min sunanai."

Kumatunsa na taɓa ruwa yanzu. Ya ji sanyin yana shiga kunnensa.

Sai ya ji raɗar Goggo a bayansa. "Ce ni ce, ɗana. Ni na riga na gama. Ce ni ce."

Daga baya Labo ya sha gaya wa kansa cewa Goggo ya tuna, cewa in an ja shi ƙasa wa zai kai ta gaɓa. Wannan hujja daga baya ta zo. A lokacin ba abin da ke kansa sai zurfin nan da wayarsa ke ta faɗawa ciki har yanzu ba ta kai ƙasa ba. Sunan kansa na kan harshensa, gajere, mai sauƙin faɗa. Ya haɗiye shi.

"Baƙo ne," ya ce.

Yatsun ba su sassauta ba. Ya ƙara da cewa:

"Baƙo mai jirgi. Shi yac cire. Ni... ni ɗauko marar lahiya kawai niy yi."

Goggo ta yi wani ɗan sauti, irin wanda ba ta yi ba ko da maciji ya sare ta.

Yatsun suka shafa tafin hannunsa, suka bi tsakanin yatsunsa. Sai ya ji ana dariya ƙasa-ƙasa, ruwa na ɓulɓulowa a gefen fuskarsa.

"Hannun ga warin man inji shikai. Na san shi. Tun ɗazu nis san shi. Amma ka ba ni, na karɓa. Wanda yag goye ka ya hi ka daɗi."

Ta sake shi.

Ya faɗa cikin jirgi da baya. Injin ya tashi da kansa, ba wanda ya taɓa igiya. Kwaɗi suka ɓarke da kuka gaba ɗaya.

Bai san yadda ya riƙe totur ba. Fitilun mota kawai ya sa a gaba, har jirgin ya daki laka. Ya diro yana kiran Umar ya zo su kama. Ba wanda ya zo. Umar da ƴan albasa na tsaye a gindin gawo, sun yi da'ira, sun juya wa ruwa baya.

Ya kutsa tsakaninsu.

Baƙo na zaune a kan buzunsa, can kan tudu, nesa da ruwa, ya jingina da gawo. Lakar da aka tura shi ciki ta bushe a rigarsa. Idonsa a buɗe yake, yana kallon Magiya. Daga hancinsa da bakinsa ruwa ke zuba, baƙin ruwa mai sanyi, yana bin gemunsa, har da ƴan ganyen bado. Bai daina zuba ba.

"Sallah munka yi tare," in ji Umar. "Da munka sallame yaɗ ɗaga hannu shina addu'a. Kai yake ma addu'ar, Labo. Da ƙarhi, kowa na ji. Shina cewa Allah shi ƙetaro mashi da ɗanai lahiya, in da abin biya a ɗora mashi. Sai yay yi tari guda."

Hannun hagun tsohon na buɗe a kan gwiwa. Na daman a dunƙule yake.

Dole ta gabansa aka wuce da Goggo zuwa mota. Ta ce a tsaya. Ba wanda ya yi zaton tana da sauran ƙarfin magana, amma yadda ta faɗa ya sa aka sauke tabarmar. Ta miƙa hannu ta rufe masa ido. Ta buɗe dunƙulallen hannun, yatsa bayan yatsa, ta ɗauki abin da ke ciki ta ƙulle a bakin zanenta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dubi Labo ba.

Goggo ta rayu. A gidan likita aka ce an kawo ta a kan kari, da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Mutane suka yi ta yaba wa Labo, suna cewa ɗa ya yi rana. Game da Baƙo kuwa, kowa ya ce Mai Gurbi ce ta bi tsohon alkawarinta, tunda da shi aka yi. Mutum biyu ne kawai suka san abin da aka faɗa a tsakiyar ruwa, kuma Goggo ba ta gaya wa kowa ba. Da ta tona masa asiri da ya fi masa sauƙi.

Duk kwanakin da ta yi a kwance, in ya kawo fura sai ta juya fuska bango. In wata ƴar jinya ta miƙo mata irin furar nan, sai ta sha. Da aka sallame ta ta ƙi zama gidansa na Malbaza, ta tare wurin wasu dangi a Dogarawa ta yi takabarta, ta jira Magiya ta janye, ta koma Tungar Mati a kan amalanke. Jirgin yana nan a gaɓa, gangaren gawo, ya cika da ƙasa. Injin ma na jikinsa, a wurin da ko ƙusa ba a bari ta kwana, amma ba ɓarawon da ya taɓa shi.

Shi kuwa Labo, wuyan hannunsa na dama bai ƙara bushewa ba. Ko a tsakiyar bazara sai ka ga yana naso, da sanyi, yana ɗiga a kan kayan aiki. Duk injin da ya gyara yakan yi lafiya da rana, amma da an kira magariba sai ƙarfinsa ya zube, ya koma gunaguni. Masu lambun albasa suka gaji, suka kwashe motopom ɗinsu suka kai wani garaji.

Da wata kakar ta zagayo ya shirya ya tafi tunga. Ya tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar wake, ta rame, tana ɗingisa ƙafar. Ya durƙusa a gabanta kamar yadda yake yi yana yaro, ya yi ta kuka, ya ce don ita ya yi, ya ce ta yafe masa, ta kira shi ɗanta ko sau ɗaya ne.

Ta bar shi sai da ya gama. Sannan ta kwance bakin zanenta, ta ciro guntun baƙin itacen nan, da sauran wayar jan ƙarfe a jikinsa, ta ajiye a ƙasa tsakaninsu, don ba ta son hannunta ya taɓa nasa.

"Ɗauki, mai gyara," ta ce. "Malam bakin inji yas sa ma wanga. Kuskure yay yi, Allah shi jiƙanai. Da bakinka munka sa ma tun kana ƙarami."

Ta jawo ƙwaryarta ta ci gaba da ɓarar wake.